Ɗan Fari da Na'urar Goshi

Cikin ranakun aikin da na yi, na gida da na waje, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba: ranar da muka zaunar da wata dattijuwa 'yar Tsiga a kan kujerar yara, muka ɗaura mata na'ura a goshi, ta zauna tana kallon injin niƙa a kwamfuta. Tunda sababbin ma'aikatanmu sun dame ni da tambayar dalilin da ya sa ake ajiye tabarma da faifai a ɗakin na'ura, bari in ɗauko labarin daga tushe, kowa ya huta.

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa na fi daɗewa a ciki. Na fara a nan gida, daga baya aiki ya kai ni Maraɗi, ya kai ni Garwa ta Kamaru, ya kai ni Kartum, na ƙare a Jidda. Na yi ritaya ina babban jami'in jinya, wato wanda sauran nas-nas ke ƙarƙashinsa, na dawo Malumfashi da niyyar in yi noman masara in huta. Noman bai karɓe ni ba. Masarar maƙwabcina tana kai kafaɗa, tawa tana fama da gwiwa. Don haka da aka buɗe wannan cibiya ta yara masu buƙata ta musamman a Funtua, bayan korona ta lafa, aka ce in riƙa zuwa ina sa ido a kan aiki, ban ja rai ba.

Ga yadda tsarin yake a lokacin. A sama akwai Dakta Bilki, likitar yara, wadda ke zuwa daga Zariya a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Ita ke yanke hukunci a kan kowane yaro. A tsakiya ni ne. Sai Sista Ngozi, wadda aka koya wa sarrafa na'urar. A Funtua aka haife ta, mahaifinta yana sayar da kayan babur, kuma Hausarta ta fi tawa gishiri, don tawa ta sha Larabci da Faransanci har ta fara tsami.

Yawancin yaran da ake kawo mana suna da lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda a rediyo za ku ji ana cewa galahanga. Larabawa kuwa tawahhud suke cewa, wato kaɗaita, kuma a ganina sunansu ya fi kusa da abin. Za ka ga yaro lafiyayye, yana ci yana gudu, amma magana ta yi masa wuya, haɗa ido da mutum ya yi masa nauyi, ƙarar da ba ta dame ka ba shi tana sukarsa kamar allura. Ba aljanu ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne.

Na'urar da muke kira na'urar goshi wani madauri ne da ake ɗaura wa yaro a kai. A cikinsa akwai ɗan haske da ke leƙa yawan jinin da ke taruwa a gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke aiki idan mutum ya tattara hankalinsa. Ana haɗa madaurin da kwamfuta, a sa wa yaro fim. Idan jinin ya ƙaru, fim ya yi haske ya ci gaba. Idan ya ragu, fim ya dusashe ya tsaya. Fatan da ake yi shi ne, da yawan maimaitawa, ƙwaƙwalwar ta saba da riƙe hankali wuri guda. Ba ta jan mutum kamar lantarki, ba ta zuba komai a jiki. Kuma gara in faɗa tun yanzu, kamar yadda nake faɗa wa iyaye: ba maganin warkarwa ba ce. Masana ba su gama yarda da amfaninta ga masu wannan lalura ba. Horo ne da ake gwadawa tare da sauran abubuwa, kamar koyon magana da koyon zama a aji.

Na'urar guda ɗaya ce tak, wata ƙungiya ta ba mu, masu jira kuwa suna da yawa. Saboda haka Dakta ta kafa doka: ana ba yaro wata guda na gwaji. Idan ya yarda ya zauna da madaurin a kansa, a ci gaba. Idan ya ƙi, a ba wani gurbin. Littafin da ya zo da na'urar kuma ya ce a ajiye kujera a gefen yaro, wanda ya fi kusa da shi a gida ya zauna, ya riƙa kiran sunansa idan hankalinsa ya tafi, ya yaba masa idan fim ya yi haske. Ku riƙe maganar kujerar nan, don a kanta aka yi komai.

Lokacin kaka ne, motoci na ta shigo da masara gari. Na tafi Maraɗi ta'aziyyar wani tsohon abokin aiki, na yi kusan wata guda a can. Da na dawo ranar Litinin, saura 'yan kwanaki Dakta ta zo, sai Ngozi ta tare ni tun kafin in cire takalmi.

"Baba, sannu da hanya. Akwai yaron da za mu rasa."

"Wane ne?"

"Habibu, daga Tsiga. An kawo shi bayan tafiyarka. Wata ya kusa cika, bai taɓa barin madaurin ya zauna a kansa ba. Yau ma suna nan, ka shigo ka gani da idonka."

Na shiga na sami wuri a kusurwa. Yaron bai wuce shekara shida ba, siriri, mai manyan idanu. A kujerar gefensa kakarsa ce, Hajiya Indo, uwar mahaifinsa, mace mai jiki da murya, irin wadda idan ta yi sallama a zaure ana amsawa a gida na uku. Can bakin ƙofa, a ƙasa, wata matashiya ce zaune da goyo, ta juya fuskarta wajen bango. Ita ce Zulai, uwar yaron.

Ngozi ta kunna fim. Ba katun ba ne, don yaron ba ruwansa da katun. Ta lura yana son abin da ke juyawa, sai ta je bakin kasuwa ta ɗauko hoton injin niƙa da wayarta, bel na zagayawa, gari na zuba. Wannan dabarar ta burge ni. Ta ɗaura masa madaurin, ta ce, "Habibu, kalli nan." Ko gezau. Sai Hajiya ta karɓi aiki. Ta matso da fuskarta dab da tasa, ta tafa hannu.

"Kai angona, ragon maza, ɗago ka kalli talabijin. Ga injin can. Kalle shi mana. In ba ka kalla ba yaji zan yi, in koma gidanmu, ka nemi mai dama maka fura."

Ta ɗan tsikare shi a gwiwa. Wasan kaka da jika ne, wanda kowannenmu ya sha, kuma da wani yaron ne da dariya zai yi. Shi kuwa sai ya toshe kunnuwa, ya fizge madaurin ya jefar, ya sauka daga kujera. Ngozi ta bi madaurin, Hajiya ta bi jikan nata da tsiya. Ni kuma na bi yaron da ido.

Wurin uwarsa ya nufa. Bai faɗa jikinta ba, bai kalle ta ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina bayansa da gefen bayanta, kusa da ƙafar jaririyar da ke goye. Ita ma ba ta waiwayo ba, ba ta ce uffan ba. Hannunta kawai na ga yana karkaɗa gefen zaninta a hankali, shaf, shaf, kamar mai kakkaɓe ƙaiƙayi. Kafin a jima yaron ya sauke hannuwansa daga kunne.

Da suka fita na ce wa Ngozi, "Shi ne babba a wurinta?"

"Shi ne ɗan fari. Kuma sunan marigayi mijin Hajiya aka sa masa."

"To wa ke kiransa Habibu a gidan?"

Ta yi dariyar takaici. "Ba kowa, Baba. Ubansa Baba yake ce masa. Hajiya ta ce ango ko maigida. Zulai kuwa ba ta ce masa komai. Mu kaɗai ne muke ta rafka masa Habibu."

"Kin san alkunya ke nan."

"A garin nan aka yanke mini cibiya, ya za a yi a ce ban sani ba. Amma ranar farko da na ce wace ce uwar yaro, Hajiya ta ce ita ce, ta zauna. Ni zan ɗaga ta? Kuma littafi magana yake so, Zulai ba za ta yi ba."

Gaskiyarta. Ga waɗanda ba su tashi a cikin abin ba: a wurinmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa ko yabo a gaban mutane, balle a gaban surukarta. Ɗan fari na kaka ne. Idan kuma aka ƙara da cewa sunan suruki gare shi, ƙofa ta rufu sau biyu. Na ga yadda uwaye ke nuna so a wurare da dama. A Kartum na ga uwa tana sumbatar ɗanta a tsakiyar ɗakin majinyata tana kiransa da sunaye masu daɗi, ba ta damu da kowa ba. A Garwa na ga Bafulatanar da aka tambaya ko yaron da ke kwance nata ne, ta ce na gidansu ne, alhali ta kwana biyu ba ta ci abinci ba saboda shi. Duk so ne, tufafinsa ne suka bambanta.

Da yamma na kira Dakta a waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, na ga hotunan da Ngozi ta turo. Yaron ba ya zama. Abin da ya fi damuna ma uwar, ko kallonsa ba ta yi. Ga wata yarinya daga Danja tana jira tun damina."

Na ce ta yi mini haƙuri zuwa Asabar, ta zo ta gani da kanta. Ta ce, "Zuwa Asabar, Baba. Daga nan ba zan iya ƙarawa ba."

Maganarta a kan uwar ta tsaya mini a rai. Akwai lokacin da likitocin Turai suka yi ta cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo wannan lalura. An daɗe da watsar da maganar, don ba gaskiya ba ce, amma ta ɓata wa mata da yawa rayuwa kafin a watsar. Ban so ta sake tsirowa a Funtua ba. Sai dai abin da ke gabana a fili yake: in Habibu bai zauna ranar Asabar ba, gurbinsa ya tafi. Wadda yake zama da ita ba ta cikin kujerar, wadda ke cikin kujerar kuma ba a ce mata tashi.

Ranar Laraba suka dawo, zuwansu na ƙarshe kafin Dakta. Na bar yaron da uwarsa a baranda, na ce Hajiya ta shigo ita kaɗai. Muka gaisa, na tambayi gona, ta ce Audu ɗanta yana can yana fama da masu sussuka, shi ya sa ba ya rako su.

Na ce, "Hajiya, an yi kuskure tun farko. Ba a ba jika abincin da kaka ba ta ɗanɗana ba. Ya kamata a fara gwada miki abin nan."

Ta dubi madaurin, ta dube ni. "Dama ina son in tambaya. Jinin da na'urar nan take aunawa, ina take kai shi?"

"Ba ta ɗaukar ko ɗigo. Leƙe kawai take yi, kamar mai duba tukunya ko ta tafasa."

"To ta leƙa. Ba abin kunya a kaina sai furfura."

Da ƙyar kujerar yaran ta ɗauke ta. Na juya na fuskanci taga, Ngozi ta ɗan ja mata hijabi baya ta ɗaura madaurin. Aka kunna injin niƙa. Hajiya ta ƙura ido, ta tsuke baki, kamar mai jiran a cuce ta a awo. Ba a daɗe ba fim ya yi haske, bel ya kama gudu.

"Kun gani ko," in ji ta. "Kan da aka gina da gero da man shanu ke nan."

Na yi wa Ngozi alama. Mun riga mun shirya, ko da yake sai da na lallashe ta, don ta ce in Hajiya ta mare ta ni zan biya diyya. Ta matso da fuskarta dab da ta Hajiya, ta tafa hannu.

"Hajiya, kalli nan. Hajiya, ɗago. Ga injin can, kalle shi mana. In ba ki kalla ba yaji zan yi."

Ta tsikare ta a gwiwa. Hajiya ta juyo, fim ya dusashe, injin ya tsaya.

"Ke 'yar nan, matsa. Kin kashe mini inji."

Ngozi ta matsa. Hajiya ta sake tattara hankali, haske ya fara dawowa. Ngozi ta sake matsowa. "Hajiya, raguwar mata, kalli talabijin."

"Wai ke bakinki ba ya gajiya ne? Ta ina mutum zai..."

Ba ta ƙarasa ba. Injin yana tsaye a allo. Can ta kai hannu ta cire madaurin da kanta, ta gyara hijabi.

"Alhaji, kai ka kitsa wannan."

"Ni ne, Hajiya."

"Yawon duniya bai ƙara maka komai ba sai wayo." Ta ajiye madaurin a cinya tana shafa shi. Da ta sake magana muryar ta sauka. "Na san surutu gare ni. Marigayi ma ya sha faɗa. Amma a garinmu cewa ake yaron nan ba ya ji, wasu su ce an shafe shi. Ni kuwa na ce zan yi ta yi masa magana har ran da zai gaji ya amsa mini. In na yi shiru, wa zai yi?"

Na ce mata ba wanda zai hana ta yi masa magana a gida, yana ma buƙata, a hankali, daga nesa kaɗan. Amma a ɗakin nan zama ake nema, kuma na ga wurin da yake zama.

"Bayan Zulai," in ji ta. "A gida ma haka yake. In tana tsintar wake ko tankaɗe, yana nan manne da ita kamar kaska, sai a gama. Amma ai 'yar nan ta karanta mana cewa magana ake so da yabo. Zulai ko za a yanka ta ba za ta yi ba."

"Littafin an rubuta shi a ƙasar da uwa ke kiran ɗan farinta da suna tun daga bakin titi. Bai san da mu ba."

Ta yi tunani. "In ina ɗakin, ko taɓa shi ba za ta yi ba. Ni ma haka na yi da uban yaron nan a gaban uwar mijina, har ya yi gemu. Ranar Asabar ku ba ni jaririyar, in zauna can gindin darbejiya. Amma ka sani, Alhaji, aro na bayar. Mijin dai nawa ne."

Da Zulai ban yi magana kai tsaye ba, don da na matso sai ta ƙara sunkuyar da kai. Ngozi ce ta zauna da ita a baranda, ta dawo mini da amsa. Ta ce Zulai ta ce sunan ba zai fito daga bakinta ba, yabo ma haka, amma in dai zama ne za ta zauna, ko har la'asar. Ta kuma roƙi kada manya su tsaya a kanta. Lokacinsu ya riga ya ƙare wajen gwajin Hajiya, motar Tsiga kuma ba ta jira, don haka ba mu sami damar gwadawa ba. Sai Asabar ɗin kanta.

Ranar Asabar da hantsi Dakta ta iso. Ta shiga ɗakin na'ura ta ga an ɗauke kujeru, an sauko da kwamfuta kan ɗan benci, an shimfiɗa tabarma, ga faifai da wake a kai.

"Baba, girki za mu yi yau?"

Na ce, "Dakta, yaron nan ɗan fari ne. Kuma sunan surukin uwarsa gare shi."

Ta tsaya da jakarta a hannu. "Ai ba wanda ya gaya mini." Ta ajiye jakar. "Ni ma 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, 'ke' kawai take ce mini. Ranar da zan tafi makarantar likita ta yini tana yi mini dambun nama, sannan ta ba ƙanwata ta miƙo mini, ita ta shige ɗaki." Ta ɗan yi murmushi, sannan ta koma likita. "Duk da haka, Baba, in bai zauna ba gurbin na yarinyar Danja ne. Ita ma 'yar wani ce."

Na ce haka ne. Muka fita muka tsaya a bayan taga, inda muke ganin allo ba a ganinmu sosai. Hajiya ta karɓi jaririya Jamila ta tafi gindin darbejiya. Zulai ta shiga, yaron na biye da ita.

Ngozi ta kunna injin niƙa, ba ta kira sunan kowa ba. Ta matso da madaurin, yaron ya ture hannunta. Ta sake gwadawa, ya fara kai hannu kunne. Na ji Dakta ta ja numfashi a gefena. Sai Zulai ta miƙa hannu ta karɓi madaurin. Ta durƙusa a bayansa, idonta na kan bango, ta ɗaura masa daga baya kamar mai ɗaura wa ƙanwarta ɗankwali. Ngozi ta nuna mata da yatsa ta ɗan sauko da shi, ta sauko. Sannan ta juya masa baya, ta zauna, ta ɗauki faifai.

Yaron ya ɗaga hannu ya kama madaurin. Na ce a raina shi ke nan. Wake ya fara motsi a faifai, shaf, shaf, shaf. Hannun ya tsaya a goshi. Ya jingina da bayanta. Hannun ya sauko.

Fim ya yi haske, bel ya juya. Can ya dusashe, don yaron ya koma kallon silin. Ba wanda ya ce kalli nan. Waken dai yana ta tafiya. Da kansa ya dawo da ido, hasken ya dawo. Ana cikin haka sai muka jiyo muryar Hajiya daga waje tana yi wa wani mai keke faɗa don ya danna ham a bakin ƙofa, faɗan ya fi ham ɗin ƙara. Ta tuna abin da ake yi a ciki, ta yi shiru a tsakiyar zagi. Yaron ya ɗan motsa, bai tashi ba. Haka aka yi ta yi, haske ya zo ya tafi ya dawo, har lokacin zaman ya cika, Ngozi ta kashe kwamfuta. Madaurin yana nan a kansa. Zulai ce ta juyo ta kwance.

Dakta ta ce, "A bar masa gurbinsa. Kuma a bar tabarmar nan inda take."

Muka shiga. Hajiya ta taho da jaririya tana tambaya tun daga nesa ko angon nata ya ba ta kunya. Dakta ta ce bai ba ta ba. Ta dubi Zulai kamar za ta ce ta yaba masa, sai ta fasa. Zulai ta karɓi Jamila, ta ɗora ta a cinya, ta gyara mata hula. A hankali, ba tare da ta dubi kowa ba, ta ce wa jaririyar da ko zama ba ta iya ba, "Ke, kin ga abin da yayanki ya yi yau?"

Dakta ta juya ta shiga neman wani abu a jakarta, ta daɗe ba ta same shi ba.

Habibu ya ci gaba da zuwa har bayan an gama kai amfanin gona gida. Yarinyar Danja ta ƙara jira, sai da wani gurbin ya buɗe ta shigo, kuma na san jiran bai yi wa iyayenta daɗi ba. Shi Habibu bai warke ba, don ba ciwon da ake warkewa ba ne. Amma ya kai ga zama a ajin koyon magana na cibiya, yana nuna abin da yake so da yatsa, yana da 'yan kalmominsa. In kun tambaye ni ko na'urar ce ta yi, ko zaman da ya saba, ko malamar aji, ko girma ne ya zo, zan ce ban sani ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani ku ƙara tambayarsa. Hajiya dai ta ce ita ce, don tun ranar ta koma yi masa magana daga bakin ƙofa, wai yanzu auren nasu na mutunci ne.

Abin da na ɗauka a wannan aiki shi ne, na'ura tana zuwa da littafinta, littafin kuma yana zuwa da al'adar mutanen da suka rubuta shi, ba tare da ya faɗa ba. Shi ya sa nake ce wa sababbi, kafin ku ajiye kowa a kujerar gefe, ku bar yaro ya fizge madauri sau ɗaya, ku ga wurin wa zai gudu. Ku tambayi sunan da ake kiransa a gida. Kuma idan kuka ga uwa ta juya wa ɗanta baya a ɗakin nan, kada ku yi saurin rubuta komai a kanta. Yaron da ido ke yi wa nauyi, wani lokacin bayan ne yake nema. Faifan yana nan a bayan ƙofa. Waken ne kawai nake roƙo a daina kwashewa ana yin alale da shi.